Fom ɗin nazare da ƙwayar barci

Iyaye mata, tun ƙarshen watan Yuli nake ganinku a asibitinmu na unguwa nan Birnin Kebbi, kuma kukan iri ɗaya ne: kai na sara, wuya ya riƙe, barci ya ƙaurace. In ɗaura muku abin awo in ga jini ya hau, in tambaya me ke damunku, ku ce lafiya lau. Sai hira ta yi nisa zancen ke fitowa. Yaro ya kai shekara 3, an sayi fom a makarantar kuɗi, an ce sai an yi masa intabiyu, ga kuɗin rajista, ga yunifom, ga na mai adaidaita, ga Satumba ta ƙarato, ɗan maƙwabciya kuma tuni ya samu gurbi a wata makaranta can Gesse.

Duk na fahimta, ni ma uwa ce. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne ƙwaya.

Makon jiya wata ƙanwata, ba ta jini ba, ta shigo goye da jaririya 'yar wata 4. Ta ce, "Wallahi malama, kwana ukku ban runtsa ba sai da magani." Na ce ta juye jakarta a tebur. Fom ɗin makaranta a naɗe cikin leda, hotunan fasfo, katin farasitamol biyu, ibuprofen, sai wasu 'yan ƙwayoyi a ƙulle cikin takarda, ba suna ba komai. Yaron kemis ya ba ta. D5 ce, wato diazepam, ƙwayar barci. Jaririyar kuwa ta yi laƙwas a baya, nono ma sai an tashe ta, uwar tana ta yaba haƙurinta. Haƙurin me? Ƙwayar ce ke bi ta nono tana kwantar da ita.

Haba 'yan uwana mata! Wa ya ce muku ƙwayar barci na samo gurbin makaranta? D5 in jiki ya saba da ita, ba ta sakin mutum ta daɗi. Ibuprofen da diclofenac suna ƙara hawan jini, suna cin ciki, ku kuma a kan yunwa kuke haɗiya. Farasitamol ɗin da kuka raina, in babba ya wuce ƙwaya 8 mai miligiram 500 a yini, hanta yake taɓawa. Kuma shan maganin ciwon kai kullum shi kansa yana haifar da ciwon kai, sai ki ƙara, shi ma ya ƙara. Masu kurɓar maganin tari mai kodin a ɓoye, wanda gwamnati ta hana tun 2018, kun san kanku.

Makarantar ma da kuke neman kashe kanku a kanta, firamare sai shekara 6 ake shiga. Yaron da bai samu nazare ɗin da kike so bana ba, bai rasa komai ba tukuna. Makarantun firamare na gwamnati da dama suna da ajin share fage, ki leƙa na kusa da ke.

Ni abin da ke sauke mini kai ɗinki ne. Bayan isha'i in yara sun kwanta, in kashe waya in ɗauko hular maigida da nake yi wa aiki. Allura na shiga tana fita, ina ƙirga zare, kafin in gama layi biyu hamma ta zo da kanta. Wata kwarashi take yi, wata surfani, wata ta zauna kan keke ta haɗa ƙyallayen da suka rage wajen tela ta fitar da rigar filo. Ko yunifom ɗin ma, in kin iya, ɗinka abinki, kin rage kuɗi.

Da rana kuma ki jawo yaron nan da kike ta tsawa a kansa don ya haddace ABCD. Tsohuwar kalanda, kwalin sabulu, ɗan ƙullun sitaci a murfin kwalba. Ki naɗe masa kwalekwale ya sa a baho, ki yanka masa kifi ƙato irin giwan ruwan Argungu ya shafa masa kala. Almakashi a hannunki zai zauna, shi nasa yagawa da liƙawa. Yana liƙawa kina tambaya, wannan ja ne ko kore, kifi nawa muka yi. Abin da malamar intabiyun za ta tambaye shi ke nan fa, kuma babu kuka.

Amma kada wata ta je ta ce malama ta ce ɗinki na maganin hawan jini. Ban ce ba. Ga abin yi, a gurguje:

- Ki zo a auna ki, ba ya cin minti 5. In an samu 140/90 ko sama fiye da sau ɗaya, sai ganin likita.
- Mai ciki da kanta ke sara, ko take gani dishi-dishi, ko fuska ta kumbura, yau za ta zo, ba gobe ba.
- In kin daɗe kina shan D5, kada ki yanke dare ɗaya, ki zo a rage miki a hankali.
- Maigida, kuɗin makaranta da zuwa intabiyu da kai ake yi.

In za ki taho, ki zo da duk ƙwayar da ke jakarki in gani, har ta ƙullin takardar.