Tambayoyi da amsoshi kan harshen kilarinet da yadda ake adana shi a yanayin Katsina

Mene ne harshen kilarinet, kuma me ya bambanta shi da na algaita?

Kilarinet wani dogon abin busa ne da ake amfani da shi a badujala. Harshenta, wanda masu busa suke kira rid, ɗan falle ne na kara mai tsawon kusan santimita 7, wanda ake ɗaurawa a kan bakin busa da maɗauri na ƙarfe ko na fata. Idan iska ta ratsa tsakaninsa da bakin busar sai ya riƙa kaɗawa da sauri, kuma wannan kaɗawar ce take zama sauti. Algaitar da muke ji a fadar Katsina da ta Daura ranar hawan salla tana da falle biyu masu bugun juna, kuma mai busa yana shigar da su duka cikin bakinsa, alhali kilarinet, wadda ake danganta ƙirƙirarta ga Johann Christoph Denner na birnin Nuremberg a Jamus wajen shekarar 1700, falle ɗaya take da shi, leɓen ƙasa ne kuma yake sarrafa shi.

Da me ake yin sa?

Ana yin sa da wani tsiro mai kama da gora da masana ke kira Arundo donax, kuma wanda ya fi shahara shi ne na yankin Var a kudancin Faransa, ko da yake ana noma shi a Sifen da Ajantina. Sai karan ya shekara biyu a gona ake sare shi a lokacin sanyi, a shanya shi watanni masu yawa, sannan a yanka shi guntu-guntu, a tsaga kowane guntu gida huɗu, a goge bayansa ya kwanta sumul. Daga nan inji ya feƙe gabansa har kaurin tsinin ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Kamfanin Vandoren na Faransa yana wannan sana'a tun 1905. Da yake tsiro ne, a kwali mai guda 10 da wuya a samu biyu masu hali ɗaya. Karan dawa na gida ba zai yi wannan aiki ba, domin cikinsa totuwa ce marar ƙarfi.

Wace lamba ta dace da mai koyo?

Lambar da ke jikin kwali, daga 1.5 zuwa 5, tana nuna taurin karan ne. Mai koyo ya fara da 2 ko 2.5, ya matsa gaba idan leɓensa ya yi ƙarfi. Ina takaicin ganin matasa suna tsallakewa zuwa 3.5 don a ce sun ƙware, domin abin da ke biyo baya shi ne cije baki, da gajiya, da sauti mai huci. Bakin busa mai faɗin buɗewa, wato tazarar da ke tsakaninsa da tsinin harshe, yana son harshe mai laushi, mai ƙaramar buɗewa kuma yana son mai tauri. A kuma sani cewa lambobin kamfanoni ba su zo ɗaya ba, domin 2.5 na Vandoren yakan fi 2.5 na Rico tauri kaɗan.

Ana iya gane mai kyau da ido?

Idan aka ɗaga shi a haske, ana son a ga duhu a tsakiya ya tsaya daidai bai karkata gefe ba, tsinin babu tsaga, launin kuma ruwan zinariya ne wanda bai yi kore ba. Ido yana tsame wanda ya lalace ne kawai, amma busa ce take yanke hukunci.

Me ya sa harshe yake saurin lalacewa a Katsina?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mu, domin a ganina rashin kula ya fi rashin ingancin kaya kashe wa mutanenmu kuɗi. Kara yana kumbura idan ya jiƙe, ya tsuke idan ya bushe, kuma a lokacin hunturu iskarmu tana busar da shi cikin 'yan mintuna. Idan hakan ya maimaitu sai tsinin ya yamutse, bayan ya lanƙwashe, iska ta riƙa zurarewa ta gefe, sautin ya riƙa tsuwa. Saboda haka a jiƙa shi a ruwa mai tsabta na minti ɗaya ko biyu kafin busa, a kuma kurkure baki idan an ci goro ko an sha shayi mai sukari, domin dattin yana toshe ƙofofin karan. Bayan an gama a cire shi daga bakin busa, a ɗauraye, a share, a sa shi a ma'ajiya mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, sannan a saka ma'ajiyar cikin leda mai rufewa tare da ɗan soso mai laima wanda bai taɓa karan ba. Da damina ta sauka sai a cire soson, in ba haka ba fumfuna za ta kama shi.

Sabon harshe ana hora shi ne a hankali, minti biyar a rana ta farko, a riƙa ƙarawa har mako guda. Ya fi kyau mutum ya riƙe guda uku ko huɗu yana juya su, kuma kada a yi aron harshe tsakanin abokan badujala saboda lafiya. Wanda bayansa ya ɗan lanƙwashe ana iya goga shi a hankali a kan samfefa mai laushi da aka shimfiɗa bisa gilashi, ba tare da an taɓa tsinin ba.

Yaya batun na roba?

Kamfanin Légère na Kanada yana yin harshen roba wanda ba ya bukatar jiƙawa, hunturu ba ya canza shi, kuma yakan yi watanni yana aiki, sai dai kuɗin guda ɗaya ya ninka na kara sau da yawa. Ga mai busa a filin fareti cikin rana da ƙura, ina ganin ya cancanci kuɗinsa, matuƙar ba a bar shi cikin rufaffiyar mota a zafin bazara ba, domin zafi yana iya lanƙwasa shi.