Mayar da mabiyi ya zama abin bi a rubutun manhaja

Mabiyi, wanda harshen rubuta manhaja na Java ke kira Iterator, shi ne abin da ke miƙo abubuwan da ke cikin wani tari ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe da inda ya tsaya. Abin bi kuwa, wato Iterable, shi ne duk abin da zai ba da mabiyi in an nema. Misalinsu carbi da yatsa: carbin yana nan yadda yake, yatsan ne ke tafiya. Mayarwar ita ce a lulluɓe mabiyi har ya karɓu inda abin bi kaɗai ake karɓa.

Tarihi

Akan danganta asalin mabiyi ga harshen CLU, wanda Barbara Liskov da ɗalibanta suka tsara a MIT ta Amurka, wajen tsakiyar shekarun 1970. Java ta samu Iterator a 1998, a fitowa ta 1.2, ya gaji tsohon abin da ke irin wannan aiki, wato Enumeration. Sai a 2004, da Java 5, Iterable ya zo tare da gajeriyar hanyar zagaye ta for. Daga nan buƙatar ta taso, domin wannan for ɗin ba ya karɓar mabiyi, alhali manhajojin da aka rubuta cikin waɗannan shekaru shida mabiyi suka saba bayarwa.

Python, wani harshen rubuta manhaja, ta kauce wa matsalar tun 2001, a fitowa ta 2.2, kuma tsarinta ya fi sauƙi: kowane mabiyi yana da wani umarni mai suna __iter__ da ke dawo da shi kansa, saboda haka for na karɓarsa kai tsaye.

Yadda ake yi

A Java, ana rubuta ƙaramin aji (class, wato wani sashe na manhaja) wanda umarninsa na iterator() ke miƙa mabiyin da ke hannu. Tun Java 8 ta 2014, layi ɗaya ya isa:

Iterable<String> sunaye = () -> mabiyi;

Inda ake tuntuɓe

Lulluɓin ba ya mayar da yatsa baya. A ce ɗalibin kwamfuta a Samaru, Zariya, yana karanta sunayen 'yan ajinsu daga fayil. Zagaye na farko ya buga sunaye duka, daga na sama har na ƙarshe. Ya sake zagayawa don ya ƙirga su, sai ya ga sifili, kuma babu wani saƙon kuskure, domin hasNext(), mai duba ko akwai abu na gaba, ta ce babu saura, kuma gaskiya ta faɗa. Maganin shi ne a kwashe sunayen cikin ArrayList, wato jerin da Java ke riƙewa a ma'ajiyar kwamfuta, tun farko, ko a sa lulluɓin ya buɗe fayil ɗin sabo a kowane zagaye. Na farkon yana cin ma'ajiyar kwamfuta idan fayil ɗin babba ne.

Saɓani

Wasu na ganin abin bi na zagaye ɗaya karya alkawari ne. Sai dai Java kanta ta yi irin wannan abin bi a DirectoryStream, mai jero fayilolin da ke cikin folda, wanda ke jefa saƙon kuskure na IllegalStateException in an nemi mabiyi na biyu.