Ramin zinaren da Turawa suka bari a Tsohon Birnin Gwari: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk wanda ya ji aikina binciken duwatsu ne, tambayoyinsa ba sa wuce waɗannan. Ga su a wuri ɗaya, don Allah a karanta kafin a sake tare ni a hanya.

Da gaske an taɓa haƙo zinare a wurin?

Ƙwarai. An fara haƙar zinare a hukumance a Najeriya a 1913, harkar ta bunƙasa a shekarun 1930, kuma Birnin Gwari na cikin wuraren da aka yi aikin, kamar Bin Yauri da Maru da Anka.

Me ya sa suka tafi? Ba ɓoye shi suka yi don su dawo ba?

A'a. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya karya harkar, ga farashi an ɗaure shi a dala 35 kowace oza tun 1934. Ba wanda ya binne taswira a gindin tsamiya. A bar wannan tatsuniyar.

Na tsinci dutse mai ƙyalli a bakin ramin. Zinare ne?

Da wuya. Buga shi da guduma. In ya farfashe ya zama baƙin gari, fairait ne, wato dutse mai ƙyalli da ke kama da zinare amma ba shi ba ne. Zinare lanƙwashewa yake yi, ba ya fashewa.

To akwai saura a ƙasa? In zuba kuɗina?

Nan ne ba na son gaggawa. Mai yiwuwa akwai, mai yiwuwa kuma akwai amma bai kai ya biya wahalarsa ba, kuma daga bakin rami ba mai iya rarrabewa, ko ni. Zinaren yankin yana cikin jijiyoyin farin dutse, wato kwaz, da suka ratsa wani baƙin dutse mai ɓarewa falle-falle, a zirin duwatsun da masana ke kira Kushaka. Ruwan zafi ne ya hau da zinaren ta tsagogin ƙasa wajen shekara miliyan 600 da suka wuce. Jijiyar ba ta da alƙawari: nan ta yi kauri, can ta tsuke kamar zare, gaba kaɗan ta ɓace. Masu haƙar farko galibi sun kwashi na rafi da na sama ne, inda dutse ya ruɓe, zinaren ya saki. Da an isa ruwa, dutse ya yi tauri, sai kuɗin aiki ya ninka. Saboda haka tsayawarsu ba ta nufin ya ƙare. Amma fa ba ta nufin yana nan jibge. Masu kwaɗayi kan kawo mini misalin Segilola a jihar Osun, tsohon wurin haƙa da kamfanin Thor Explorations ya farfaɗo, ya fara fitar da zinare a 2021. Gaskiya ne. Sai dai an yi shekaru ana huda ƙasa ana auna abin da aka zaro kafin a gina masana'anta, kuma abin da ke cikin dutsen wajen giram 4 ne a tan guda. Tan guda, malam, buhu ashirin na siminti. In kana da niyya, a ɗebi samfur daga wurare da yawa, har inda bai yi maka kyau ba, a kai ɗakin gwaji, a sake gwadawa a wani. Dutse ɗaya da dillali ya zaɓo ya sa a aljihu ba shaida ba ne. Ko sakamako ya yi daɗi, ba zan ce ka sayar da gona ba sai an huda an ga zurfin jijiyar. Mafi yawan wuraren da ake gwadawa a duniya ba sa zama mahaƙa, wannan ba baƙin jininka ba ne.

Na'urar gano zinare fa?

Tana jin ƙarfen da ke kusa da sama. Tsohon ƙusa ma kuka take yi masa.

Gonar kakana ce, ai nawa ne?

Gonar taku ce, abin da ke ƙarƙashinta na gwamnatin tarayya ne. Haka dokar ma'adinai ta 2007 ta ce. Lasisi kuma a ofishin rajistar ma'adinai na Abuja ake nemansa, ba a wurin mai gari ba.

Zan iya shiga in leƙa?

Kada ka soma. Bango ya ruɓe, iska ta mutu a ƙasa, ga ruwa. Ban ma taɓo zancen tsaro a dajin Birnin Gwari ba, ka fi ni sani.

In kawo dutsen gida a daka?

Wannan tambayar ce ke ɓata mini rai. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma, saboda an daka dutsen zinare mai gubar dalma a tsakar gida, wani lokaci da turmin da ake daka hatsi. Ba kowace jijiya ke da dalma ba, kwantar da hankalinka, amma ido ba ya tantancewa. In ka kai samfur gwaji, ka ce a auna dalma tare da zinaren. Kafin sakamako ya fito, dutsen ya tsaya nesa da gida, kayan aikinka ma haka.