"Dukiyar kowa": me ake nufi idan ana maganar ruwa?

Duk lokacin da aka kawo labarin tafkin da ya ƙafe ko kogin da kifinsa ya ƙare, ba a rasa mai sharhi a rediyo ko ɗan siyasa da zai ce ai dukiyar kowa ce, shi ya sa ta lalace, sannan ya ba da shawarar gwamnati ta karɓe ruwan ko a miƙa shi ga 'yan kasuwa. Abin da ke damuna a nan shi ne yadda ake cakuɗa abu biyu da Hausa kanta ta bambanta: akwai abin da yake na kowa, akwai kuma abin da ba na kowa ba. Na farko yana da masu shi, sun san juna, sun san iyakarsa, kuma suna da ikon hana baƙo da hukunta wanda ya wuce gona da iri. Na biyu ba shi da mai tsaro, wanda ya riga isa shi ke kwasa.

Ruɗanin ya samu gindin zama tun 1968, lokacin da masanin halittu Garrett Hardin ya yi hasashen cewa duk abin da jama'a suka yi tarayya a kai ƙarshensa halaka. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta bi manoma da masunta a ƙasashe da dama, ta nuna cewa abin da Hardin ya siffanta dukiya ce marar mai ita.

A birnin Valencia na ƙasar Sifaniya, manoman da ke ban ruwa daga kogin Turia sun shafe ɗaruruwan shekaru suna raba ruwa ta manyan magudanai. Sunan da suke kiran magudanar, "acequia", daga Larabci ya fito, wato "as-saƙiya". Masu gonakin kowace magudana suna zaɓar wakili daga cikinsu, manomi irinsu, kuma kowace Alhamis da tsakar rana wakilai takwas sukan zauna a ƙofar babbar majami'ar birnin, cikin baƙaƙen riguna, su saurari ƙara. Wanda ya buɗe ruwa kafin layinsa ya zo, ko ya bar shi ya malala gonar maƙwabci, a bainar jama'a ake kiran sunansa, a yanke masa hukunci da baki nan take, babu ɗaukaka ƙara. Haƙƙin ruwan yana ɗaure da gona, ba a sayar da shi daban, kuma idan fari ya zo kowa ne ke rage rabonsa. Wannan ita ce dukiyar kowa a ma'anarta ta gaskiya, kuma tsaurinta ya fi na dokokin gwamnati da yawa.

Magungunan biyu da ake yawan tallatawa kuwa, wato miƙa ruwa ga gwamnati ko ga 'yan kasuwa, an riga an gwada su. Tafkin Aral, da ke tsakiyar Asiya, a hannun gwamnatin Tarayyar Sobiyet yake lokacin da aka karkatar da kogunan Amu Darya da Syr Darya zuwa gonakin auduga, daga shekarun 1960, har ruwan tafkin ya janye, jiragen masunta suka rage a yashe cikin rairayi. Chile kuma, da dokarta ta 1981, ta cire haƙƙin ruwa daga mallakar ƙasa ta mai da shi haja, kuma ƙananan manoma sun daɗe suna kukan cewa masu jari sun tattare shi.

Sai dai ko tsarin Valencia yana da gibi, domin ruwan da ake ɗiba kaɗai yake lissafawa. Kogi yana da wasu ayyuka da babu wanda ke riƙe da takardarsu: dausayi yana tace ƙazanta, fadama tana shanye ambaliya ta ciyar da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kifi yana hayayyafa a inda ruwa ya kwanta. Idan aka raba kogi kaf tsakanin masu haƙƙi, ko da cikin adalci ne, waɗannan ayyuka ne ke fara mutuwa. Shi ya sa nake ganin ƙimar dokar ruwa ta Afirka ta Kudu ta 1998, wadda ta wajabta a fara ware kason buƙatun mutane na yau da kullum da kason da kogin kansa yake buƙata don ya rayu, kafin a ba gona ko masana'anta lasisin ɗibar abin da ya saura.