Makaɗan jita na Jos: me ya sa har yau dattawa ke kewarsu?

Wai da gaske an taɓa yin ƙungiyoyin kiɗan rok a Jos?

Ƙwarai kuwa. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, samarin Najeriya sun rungumi jita mai lantarki, suna kwaikwayon abin da suke ji daga Amurka da Ingila, daga baya suka gauraya shi da kiɗan gida. Legas da Aba sun fi yin suna, amma Jos ma ta yi nata. Wadda aka fi tunawa ita ce Sahara All Stars, ƙungiyar da ta liƙa sunan Jos a jikin nata sunan, ta kuma fitar da faifai a tsakiyar shekarun 1970. Kiɗansu ba rok zalla ba ne. Akwai hailaif a ciki, akwai salon baƙaƙen Amurka, ga busa ga ganguna, jita kuma tana kuka a sama. A ganina wannan gaurayen ne ya sa bai tsufa ba.

Me ya sa Jos, ba wani garin Arewa ba?

Kuza ce ta jawo. Haƙar ta tara mutane daga ko'ina: Hausawa da Barebari, Yarbawa da Ibo da Urhobo, Turawa, har da mutanen Gana da Saliyo, suka zauna tare da Birom da Anaguta da Afizere. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya tun 1914, layin gabas kuma ya biyo baya a 1927. Inda ma'aikata ke karɓar albashi, ga sanyin da ke hana mutum zama shi kaɗai da dare, dole otal da kulob su nemi makaɗa. Da Jos ta zama babban birnin jihar Binuwai-Filato a 1967, sai ma'aikatan gwamnati da sojoji da ɗalibai suka ƙaru. Gidan talabijin ɗin jihar ne ya fara nuna hoto mai kala a Najeriya. A farkon shekarun 1980 kuma NTA ta shirya a yankin Jos wasan kwaikwayon manoma mai suna Cock Crow at Dawn, wanda Bongos Ikwue ya rera waƙar buɗe shi, muryar da duk ƙasar ta haddace.

Yaya daren wasa yake a wancan zamani?

Nan ne zancen ke daɗi a bakin waɗanda suka gani. Mai otal ne yawanci ke sayen kayan kiɗa, domin jita da lasifika sun fi ƙarfin aljihun saurayi, sai ya ɗauki makaɗa su zauna a gidansa suna wasa duk ƙarshen mako. Babu na'urar da za ta rufa wa mutum asiri. In mai ganga ya yi sanyi kowa ya ji, in mai jita ya ƙware kuma, kafin gari ya waye labarinsa ya kai Bukuru. Samari sun tara suma, wando mai faɗin ƙafa, takalmi mai tudu, an ɗora rigar sanyi a kai. A kan dandamali ɗaya za ka ga mai busa daga kudu, mai ganga ɗan Filato, mawaƙi yana sauya harshe daga Turanci zuwa Yarbanci, 'yan kallo kuma suna tafi suna ihu da Hausa, domin ita ce harshen da ya haɗa garin. Dattawan da ke wannan hira, in ka saurara da kyau, wannan cakuɗar suke kewa fiye da sautin jitar.

Hausawan Jos sun shiga ciki?

Wasu sun shiga, da yawa kuma iyaye sun hana, saboda wuraren wasan gidajen giya ne. Amma rediyo da garmaho sun kai kiɗan har cikin zaure. Kuma a garin nan ne Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, yake riƙe taro guda da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Kunne ɗaya ne ya saurari duka biyun.

To me ya kashe su?

Kaset da masu satar fasaha sun karya cinikin faifai. Tsuke bakin aljihun 1982 da shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 sun sa kayan kiɗa tsada, mai otal ya ga gara ya ɗauki mutum ɗaya mai sa faifai da ya ciyar da mutum goma. Kasuwar kuza ma ta faɗi. Makaɗa da yawa suka koma coci, inda ake da kayan kiɗa da masu sauraro. Rikicin Satumban 2001 da dokar hana fita da ta riƙa biyo bayan tashe-tashen hankula suka ƙarasa abin da ya rage na daren Jos, unguwanni suka rabu.

Ana iya jin kiɗan yanzu?

Ana iya. A 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya sake fitar da kiɗan Sahara All Stars cikin tarin tsofaffin waƙoƙin Najeriya, kuma yana intanet. Yana min ciwo cewa sai da baƙo ya zo ya tono mana shi. Wanda ke da faifan mahaifinsa a akwati ya duba shi kafin danshi ya cinye bangon, ya kuma zaunar da tsohon ya ɗauki muryarsa a waya yana faɗin sunayen makaɗan da wuraren da suka yi wasa.