Neman tallafin gwamnatin jiha don faɗaɗa laburaren jama'a

Neman tallafin gwamnatin jiha don faɗaɗa laburare shi ne faɗi-tashin da hukumar laburare, ko ƙaramar hukuma, ko su mutanen gari da kansu ke yi domin gwamnatin jiha ta ware kuɗi a ƙara wa ɗakin karatu na jama'a girma. Faɗaɗawar kan iya zama sabon zauren karatu, ko ɗaga bene a kan tsohon gini, ko ɓangaren yara, ko ɗakin kwamfuta mai intanet, wani lokacin ma sabon reshe ne ɗungurungum a unguwar da ba ta taɓa samu ba. Laburaren jama'a kuwa ana nufin wanda kowa zai iya shiga, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko ɗan fansho, ba sai ka nuna katin wata makaranta ba, wannan ne ya raba shi da laburaren jami'a ko na ma'aikata.

Asali

A Arewa harkar ta samo tushe ne daga ɗakunan karatu na En'e da aka rinƙa buɗewa a manyan garuruwa wajen lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda ake ajiye jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939 da 'yan littattafai kaɗan. A 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, kuma aikinsa har da aika littattafai zuwa waɗancan ɗakunan karatu na larduna. Shekara guda bayan haka, a 1953, UNESCO ta yi babban taro a Ibadan kan yadda za a bunƙasa laburaren jama'a a Afirka, kuma abin da aka fi jaddadawa a wajen shi ne laburare ya samu doka ta kansa da kuɗin gwamnati tsayayye, ba wai ya dogara da kyautar masu hali ba. A 1963 wani ƙwararre daga Ostireliya mai suna F. A. Sharr ya rubuta rahoto kan buƙatun laburare a Arewa, a 1968 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a Zariya.

Da aka yanka jihohi a 1967 sai aka rarraba aikin, kowace jiha ta riƙe nata. Kaduna a lokacin ita ce hedikwatar Jihar Arewa ta Tsakiya, a 1976 aka mayar da sunan Jihar Kaduna, a 1987 aka cire Katsina. Abin da ya rage a hannu shi ne Hukumar Laburare ta Jihar Kaduna ke kula da shi, hedikwatarta na kan titin Bida a cikin gari, tana kuma da rassa a garuruwa irin su Zariya da Kafanchan. Amma fa garin da aka gina wa wancan laburare ba shi ne garin yau ba. Kaduna ta yanzu ta bazu cikin ƙananan hukumomi huɗu, Kaduna ta Arewa da Kaduna ta Kudu da Igabi da Chikun, kuma yaron da ke Rigasa ko Maraban Jos ko Sabon Tasha kafin ya iso tsakiyar gari ya zauna ya yi karatu kuɗin keke napep kaɗai ya isa ya sa shi fasawa. Daga nan batun faɗaɗawa ke tasowa, shi ya sa ma masu harkar ke yawan muhawara kan ko a ƙara wa babban ginin girma ko kuwa a yi ƙananan rassa a unguwanni.

Waye mai nema, waye mai bayarwa

Nan ne ake yawan samun ruɗani in an karanta yadda ake yi a waje. A Amurka galibi laburaren gari mallakin garin ne ko gunduma, su ke biyan albashi da kuɗin harajinsu, sai jiha ta ware wani asusu na gine-gine daban da garuruwa ke gasa a kai. Jihar Massachusetts misali tana da hukumar da ke gudanar da irin wannan shiri, gari ya rubuta takarda, a tantance, a ba shi wani kaso na kuɗin ginin da sharaɗin mutanen garin su amince su kawo sauran cikin wa'adi, in sun kasa tallafin ya wuce su zuwa na bayansu a layi. Jihar New York ma na da nata tallafin gina laburare da ake nema shekara-shekara.

A Najeriya abin ba haka yake tafiya ba. Laburaren jama'a na cikin gari yawanci na jihar ne tun asali, hukumar laburare kuma tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, saboda haka abin da ake kira tallafi a zahiri layi ne guda a ɓangaren manyan ayyuka na kasafin kuɗin shekara. Wato hukumar gwamnati ce ke roƙon uwar ɗakinta, kuma tana gogayya ne da ajujuwan firamare da rufinsu ya yaye, da asibitoci, da tituna, da tsaro, waɗanda duk sun fi ta masu magana da yawunsu. Mutanen unguwa ko ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ko 'yan kishin karatu ba a damƙa musu kuɗin a hannu, aikinsu shi ne su matsa har buƙatar ta shiga kasafi, su kuma ci gaba da bibiya bayan ta shiga.

Abin da takardar nema ke ƙunsa

Takardar da ta ce kawai "karatu na da muhimmanci, muna roƙon mai girma gwamna ya duba mu" babu inda za ta je, kowa ya san karatu na da muhimmanci. Abin da ke motsa fayil shi ne hujjar da za a iya ƙirgawa. Rajistar da ake sa hannu a bakin ƙofa, wadda mutane ke raina wa, ita ce babbar shaida: mutum nawa ke shigowa a rana, kujeru nawa ne, wane wata ne wuri ke cika maƙil, kuma kowa ya san lokacin WAEC da NECO da JAMB ne da lokacin jarrabawar ɗaliban jami'ar jihar, KASU, da kwalejin kimiyya da fasaha ta Kadpoly. Tun da JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta zalla a 2015 an samu wata hujjar mai ƙarfi, domin akwai yara da yawa da ranar jarrabawa ce karon farko da za su zauna gaban kwamfuta, ɗakin kwamfuta a laburare kuwa wuri ne da za su koyi hannu ba tare da biyan kuɗin kafe ba.

Sai ɓangaren gini. Ana buƙatar takardun fili a tabbatar babu rikici a kai, a Kaduna wannan harkar hukumar filaye ta KADGIS ce, sannan zanen gini da amincewar hukumar tsara birane ta KASUPDA, da rahoton injiniya in za a ɗora bene a kan tsohon gini domin littafi na da nauyin da mutane ba sa zato, kantar da aka cika da littattafai ba kowane dakali ne zai ɗauka ba. Sai lissafin kayan aiki da farashinsu dalla-dalla wanda masu ƙididdigar gini ke haɗawa. Zane mai kyau kan kula da abubuwan da ake mantawa: hanyar masu keken guragu, banɗakin mata daban, wurin salla da alwala, tagogi masu faɗi don iska da haske in babu wuta, da yadda za a tsare littattafai daga gara da yoyon damina da ƙurar hunturu.

Hanyar da take bi

Shekarar kuɗi ta gwamnati Janairu ce zuwa Disamba, amma aikin kasafin na farawa tun wajen tsakiyar shekarar da ta gabata, lokacin da Hukumar Tsare-tsare da Kasafin Kuɗi ke aika wa ma'aikatu takardar kira tare da iyakar abin da kowacce za ta iya nema. Wanda ya kawo buƙatarsa a Disamba ya makara, sai dai ya jira baɗi ko ya yi fatan ƙwarya-ƙwaryar kasafi. Hukumar laburare za ta saka aikin cikin nata ƙiyasin, ma'aikatar ilimi ta tace, a je a kare a gaban masu kasafi, majalisar zartarwa ta amince, sannan gwamna ya gabatar wa majalisar dokoki kamar yadda sashe na 121 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada. A zauren Lugard mambobi 34 ne, kwamitin ilimi da na kasafi su ake fi bi, kuma ɗan majalisar da ginin ke mazaɓarsa in ya ɗauki abin da zafi yana iya hana a zabge shi.

Kaduna na da wasu ƙofofi da ba kowace jiha ke da su ba. Jihar ta shiga shirin nan na duniya na gudanar da gwamnati a buɗe, OGP, a 2018, ana kuma yin taron jin ra'ayin jama'a kan daftarin kasafi, akwai kuma tsarin da al'ummomi ke jera buƙatunsu tun daga matakin mazaɓa a miƙa sama. Buƙatar da ta fito daga nan, da sa hannun mai unguwa da hakimi da limamai da fastoci da ƙungiyoyin mata da matasa, ta fi wadda shugaban laburare ya rubuto shi kaɗai nauyi, don 'yan siyasa na ƙirga kawunan da ke bayan takarda ne kafin su karanta ta.

Sakin kuɗi

Ganin sunan aiki a cikin kundin kasafi ba kuɗi ba ne, izinin kashewa ne in an samu. Wannan shi ne wurin da yawancin masu nema ke sakin jiki, a yi ta taya juna murna a WhatsApp, a tura hoton shafin da aka rubuta miliyoyin, sai shekara ta ƙare ko bulo ɗaya ba a aza ba. Bayan an sa wa kasafi hannu sai an sake rubuta memo na neman sakin kuɗi, a samu amincewa, ma'aikatar kuɗi da ofishin akanta janar su duba ko akwai abin a asusu, kuma idan kason Abuja ko harajin cikin gida ya gaza abin da aka yi hasashe to manyan ayyuka ake fara dakatarwa tunda albashi ba ya jira, a cikin manyan ayyukan kuma laburare ba ya sahun gaba a kusan kowace jiha. Abin da ba a saki ba zuwa ƙarshen shekara kan faɗi, sai an sake shigar da shi a kasafin gaba.

In an saki, sai batun kwangila. Jihar na da dokar sayen kaya da bayar da kwangila ta 2016 da hukumar KADPPA ke sa ido a kai, a tallata aikin, 'yan kwangila su nema, a tantance, a ba wanda ya ci kwangilar kuɗin kafin alƙalami, sauran kuma a rinƙa biya bisa satifiket na matakin da aiki ya kai. Jinkiri a nan asara ce tsagwaronta. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, farashin siminti da rodi da kwano ya yi tashin da lissafin da aka yi kafin nan ya zama tarihi, ɗan kwangila ya dawo neman ƙari, in ba a ba shi ba ya kwashe lebura ya bar gini a linta. Jama'a na iya kai rahoton irin wannan ta tsarin bibiyar ayyuka na jihar da ake kira Eyes and Ears.

Bayan an yanke ƙyalle

Andrew Carnegie, attajirin ƙarfe na Amurka da aka gina laburare sama da 2,500 da kuɗinsa tsakanin 1883 da 1929, ba ya bayarwa sai gari ya kawo fili ya kuma yi alkawarin kashe kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin kowace shekara wajen gudanar da shi. Sharaɗin nan har yau shi ne ma'aunin da ya fi dacewa a auna takardar nema da shi, domin gini sau ɗaya ake yi kuma akwai allo mai sunan wanda ya buɗe, amma dizal da kuɗin wuta da batirin sola da data da jaridun kullum da sabbin littattafai da albashin ma'aikaci da mai gadi duk wata ne, babu wanda ake ɗauka hoto don ya biya su. Laburaren da aka ninka girmansa aka bar shi da kuɗin gudanarwa na da tamkar wanda ya sayi doki ne bai tanadi harawa ba. Shi ya sa ƙwararru ke cewa a nemi ƙarin kason yau da kullum tare da na ginin a takarda guda, a kuma nemi izinin ɗaukar ma'aikata masu rajista da LRCN, hukumar yi wa ma'aikatan laburare rajista, a faɗi ƙarara ko za a buɗe da yamma da ranar Asabar, lokacin da ma'aikata da 'yan makaranta ke da sarari.

Sauran ƙofofi

Mutane kan ce a je asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, to dokarta ta 2011 ta taƙaita ta ne ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati, laburaren gari ba ya ciki. Kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC, wanda ke fitowa daga kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya kuma sai jiha ta ajiye daidai nata kafin ta karɓa, na firamare ne da ƙaramar sakandare, yana iya yin laburaren makaranta amma ba na jama'a ba. Laburaren Ƙasa na da reshe a Kaduna, sai dai shi na tarayya ne da kasafinsa daban, haka Gidan Arewa cibiyar bincike ce ta Jami'ar Ahmadu Bello.

Inda aka fi samun dacewa shi ne ɓangaren kayan aiki. Asusun USPF na hukumar sadarwa ta NCC da kuma hukumar fasahar zamani ta NITDA kan samar da kwamfutoci da intanet ga cibiyoyin jama'a, ƙungiyar Book Aid International ta Ingila kan aiko littattafai, 'yan majalisar tarayya na iya saka shi a ayyukan mazaɓu, bankuna da kamfanonin waya ma kan taimaka. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a biya ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye ya sa wasu na ganin ciyamomi ma za su iya ɗaukar nauyin ƙananan rassa a unguwanni. Kusan duk waɗannan masu bayarwa tambayarsu ta farko ɗaya ce, akwai ɗaki mai wuta da tsaro da za a ajiye kayan, kuma waye zai kula da su, saboda haka masu nema kan haɗa wasiƙun alkawarinsu a bayan takardar da za a kai wa jiha, a nuna cewa kowace naira da ta saka a gini akwai wasu da ke jira su ɗora nasu a kai.