Wanda ya gama gashin cutar kansa ba abin gudu ba ne

Wai har yanzu akwai masu gudun wanda ya gama gashin cutar kansa (wato maganin ciwon daji da ake yi da haske a asibiti), a ware masa kofi, a hana shi ɗaukar jariri wai hasken na nan a jikinsa. Ba haka bane wallahi. Gashin da inji ke yi daga waje kamar fitila ne, ana kashe injin shikenan, babu abin da zai taɓa wani. Sai dai in a cikin jiki aka sa maganin mai fitar da hasken ko aka ba shi ya sha, nan likita zai faɗi kwana nawa za a yi nesa-nesa. Abin da ke bin mutum gida dai gajiya ce da zafin fatar wurin, yakan ma ƙaru sati 1 zuwa 2 bayan an gama kafin ya lafa, ita kuwa gajiyar tana iya jan watanni.